Yadda ake haɗa fitilu masu bin kiɗa a mota ba tare da an ƙona rediyo ba

Duk wanda ya taɓa shiga mota da dare ya ga haske yana bugawa a ƙarƙashin kujeru daidai da dukan ganga, ya san abin da daɗin kallo. Aikin ba shi da wuya, mai haƙuri zai gama shi a yini guda. Amma akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe tun kafin ka taɓa waya: fitilun nan hanya biyu suke bukata, hanyar ci da hanyar ji. Wutar da za su ci daga batir za ta fito, ta bi ta fiyus. Sautin kuwa saurarensa kawai za su yi, ba za su ja ƙarfi daga gare shi ba. Yawancin rediyon da na ga ya lalace a irin wannan aiki, hanyoyin biyun aka cakuɗa.

Zaɓen fitila da lissafin abin da za ta ci

Igiyar fitilar LED da aka fi amfani da ita ita ce mai ƙwayoyi samfurin 5050, mai aiki da volt 12. Wayoyi huɗu ne a bakinta: ɗaya ta wuta, sauran ukun na ja, kore da shuɗi. Mai ƙwaya 60 a kowace mita tana cin wajen wat 14.4, wato amfiya 1.2 ke nan a mita idan an kunna ta fari tas. Mai ƙwaya 30 rabin haka take ci. Nemi wadda aka lulluɓe da roba mai garai-garai, wadda za ka ga an rubuta IP65 a kwalinta, domin wurin da za ta zauna wurin takalmi ne da ƙura da danshi.

Yi lissafinka tun yanzu. Wurin ajiye ƙafa huɗu ne a ƙaramar mota. Idan kowanne ya samu rabin mita, mita biyu ke nan, amfiya 2.4. Fiyus mai amfiya 5 ya isa, da waya mai kaurin 0.75 zuwa 1 a ma'aunin milimita murabba'i. Idan ka ƙara da but da gefen ƙofofi har ka kai mita biyar, kana maganar amfiya 6, sai ka koma waya 1.5 da fiyus 7.5 ko 10. Fiyus waya yake karewa, ba fitila ba. Shi ya sa ba a ɗora babban fiyus a kan siririyar waya: in wuta ta haɗu, wayar ce za ta narke tun shi bai ji komai ba.

Sai kwantirola, ɗan akwatin da ke jin sauti yana juya shi zuwa haske. Iri biyu ne. Akwai mai makirufo a cikinsa, akwai kuma mai ramin shigar da sauti ta waya, irin ramin belin kunne mai milimita 3.5. Mai makirufo ya fi sauƙin haɗawa, amma komai yake ji: hirar fasinja, ƙarar inji, iskar taga, har rufe ƙofa. Ni dai in da zaɓi, mai ramin waya nake ɗauka, ko wanda ya haɗa duka biyun. Duba abin da aka rubuta a bayansa na yawan amfiyar da zai iya ɗauka, kada lissafinka ya kai bakin iyakarsa.

Sauran kaya: mitar auna wuta, filayar feƙe waya, ƙarfen dalma da dalmarsa, robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, salatif, igiyoyin ɗaure waya na roba, makunni ɗaya, da zoben ƙarfe na bakin waya. Akwai kuma ɗan abin nan da ake sokawa a gurbin fiyus, mai ramukan fiyus biyu da jelar waya a gefe. Zan riƙa kiransa reshen fiyus. Kafin ka saya, zaro fiyus ɗaya daga motarka ka tafi da shi, saboda girmansu ya bambanta daga mota zuwa mota.

Kafin komai ya shiga mota, shimfiɗa igiyar a tebur, haɗa ta da kwantirola, ba ta wuta daga batir ta cikin fiyus, ka tafa hannu kusa da ita. In akwai launin da ba ya kamawa, gara ka gani yanzu da ka gani bayan ka ɗaga kafet.

Neman inda za a ɗebi wuta

So muke fitilun su mutu idan an zare makulli. Don haka za mu nemi fiyus ɗin da ba ya samun wuta sai an murɗa makulli zuwa ACC, wato matakin da rediyo ke kamawa tun inji bai tashi ba. Buɗe akwatin fiyus na cikin mota, galibi yana ƙarƙashin sitiyari ko bayan aljihun gaban fasinja. Sa mitarka a volt 20 na DC. Baƙin tsinke a jikin ƙarfen mota marar fenti, jan tsinke kuma a kan ɗigon ƙarfe biyun nan da ke leƙowa a bayan kowane fiyus. Makulli a kashe, wanda kake nema zai nuna sifili. Ka murɗa, zai nuna wajen 12. Na soket ɗin cajin waya da na rediyo su ne suka fi dacewa, sai dai a wasu motocin soket ɗin ba ya mutuwa ko an zare makulli, don haka auna, kada ka ɗauka. Kada ka kusanci fiyus ɗin jakar iska, na birkin ABS, na famfon mai ko na ƙwaƙwalwar inji. Kuma mita za ka yi amfani da ita, ba fitilar gwaji mai ƙwan fitila ba. Motocin zamani suna da wayoyin saƙo da ba sa son a ja musu wuta ko kaɗan.

Ka samu fiyus ɗin? Zaro shi, makulli yana ACC, ka auna ramukan biyu da ya bari. Ɗaya ne kaɗai ke da wuta. Ƙafar reshen fiyus da ke nesa da jelar waya ita za ta shiga wannan ramin mai wuta. Tsohon fiyus ɗin motar ya koma ramin ƙasa, wanda ke kusa da ƙafafun, sabon fiyus ɗin fitila ya hau na sama. Ga yadda za ka tabbatar ba ka juya shi ba: cire tsohon fiyus ka bar sabon, ka auna jelar. In akwai wuta, daidai ne. In babu, juya shi. Mutane da yawa ba sa damuwa da wannan domin ko an juya fitila tana kamawa, amma a lokacin duk nauyin yana bi ta kan tsohon fiyus ne, wata rana sai ka ga caja da fitilu sun ɗauke tare.

Da zarar ka gama aune-aune, kashe mota, ka kwance kan batir na nagatif, ka kawar da shi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa ba. Jira 'yan mintoci kafin ka fara cusa hannu a bayan dashbod, saboda na'urar jakar iska tana riƙe sauran wuta na ɗan lokaci. Duk wayar da ka ga soket ɗinta ko rigarta ruwan ɗorawa ne mai haske, musamman ƙarƙashin kujera da kusa da sitiyari, ta jakar iska ce, ba ruwanka da ita. In rediyonka irin mai neman lambar sirri ne bayan an cire batir, tabbatar lambar tana hannunka tukuna.

Akwai hanya ta biyu, wadda na fi so idan fitilun suna da yawa ko kana son su tashi tare da rediyo. A bayan rediyon da aka saya daban aka saka, akwai waya shuɗiya mai farin zane, wadda ke tayar da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Wutar cikinta 'yar kaɗan ce, ba ta isa ta ciyar da fitila ba, amma ta isa ta ja rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babba. Rilen mota lambobi ne a ƙafafunsa: 86 ya karɓi shuɗiyar wayar, 85 ya tafi jikin mota, 30 ya karɓi wuta kai tsaye daga batir, 87 ya tafi kwantirola. Sa dayod 1N4007, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, tsakanin 85 da 86, gefen da ke da zane yana kallon 86, don kada wutar da rile ke mayarwa idan ya saki ta daki rediyo. Wayar da ta taso daga batir dole fiyus ɗinta ya zauna dab da batir, kada ya wuce santimita 45, in ya fi haka kusa ma ya fi. Lura kuma, akwai wata shuɗiyar marar zane, ta eriya ce. A wasu rediyoyin ba ta da wuta sai ana jin tasha. Kana komawa Bluetooth ko filashi sai ta ɗauke.

Ko wace hanya ka bi, sa makunni a kan wayar wutar, inda hannun direba zai kai ba tare da ya sunkuya ba. Rimot ɗin kwantirola yana faɗawa ƙarƙashin kujera, makunni yana nan inda ka kafa shi.

Wayar nagatif kuwa, nemi noti da ke ɗaure a ƙarfen jikin mota kusa da kwantirola. Kankare fentin har ƙarfe ya fito fes, sa zoben bakin waya, ɗaure tam. Wayar ta zama gajera kuma kaurinta ɗaya da ta wuta. Kada ka kwance notin bel ko na ƙafar kujera don wannan, ƙarfin ɗaurinsu na tsaron rai ne.

Hanyar ji

A nan ne aikin yake, a nan ne kuma ake ɓarna.

In mai makirufo ne, ka huta: maƙala shi kusa da sifika ko akwatin wufa, wato babbar sifikar bes, nesa da bakin iskar sanyaya mota, ka sa ɗan soso a ƙarƙashinsa don kada girgizar hanya ta riƙa tayar da shi.

In rediyonka yana da ramukan RCA a baya, masu ja da fari ɗin nan, su ne mafi tsafta. Sautin da ke fita daga cikinsu bai wuce volt 2 zuwa 4 ba a yawancin rediyoyi. In akwai ramin da ba a amfani da shi, ɗauke shi. In duk sun cika, sa wayar nan mai raba ɗaya zuwa biyu, reshe ɗaya ya ci gaba zuwa amfilifaya, ɗaya ya zo kwantirola ta waya mai RCA a kai ɗaya da bakin 3.5 a ɗaya kan. Ramin da aka rubuta SUB shi na fi so, domin rediyo ya riga ya tace sautin, ya bar ƙasa-ƙasan kawai, wajen 80 Hz zuwa ƙasa. Hasken zai bi ganga da bes, ba zai riƙa rawar jiki da kowace kalmar mawaƙi ba. Yawancin kwantirola an yi su ne don sautin wayar hannu, wanda bai kai na rediyon mota ƙarfi ba, don haka in ka ga fitilu sun kafe a kunne ko ka rage saurin jinsu, sa 'yar maɓallin murɗawa mai kilo'om 10 a kan wayar sautin ka rage daga nan.

In kuwa rediyon da mota ta zo da shi ne, babu RCA, sai dai a ɗebi sauti daga wayar sifika. Saurara da kyau. A yawancin rediyoyin mota, wayoyin sifika biyun duk masu rai ne. Wadda ake kira nagatif ɗin sifika ba ƙasa ba ce, ba ta da alaƙa da jikin mota. In ka auna kowace da jikin mota rediyo yana kunne, za ka ga wajen volt 6 a kanta. Kowace tana tura nata rabin sautin ne. Shi kuwa ramin sauti na kwantirola, gefensa ɗaya haɗe yake da nagatif ɗin wutarsa, wanda ka ɗaure a jikin mota. Ka ga ke nan, in ka kai wayar sifika kai tsaye cikin wannan ramin, ka kai wutar rediyo ƙasa da hannunka.

Wani matashi ya taɓa kawo mini motarsa a kan haka. Ya ce kiɗa ya ɗauke minti kaɗan bayan ya gama haɗawa, fuskar rediyo tana haske, waƙa tana tafiya, amma shiru. Tun kafin in zaro rediyon na ji warin ƙonewar nan mai kama maƙogwaro. Da na buɗe murfin, ga baƙin guntun da ke ƙarfafa sauti, wanda ke manne da ƙarfen sanyaya, ya kumbura a tsakiya ya tsage kamar an ɗiga masa wuta, dalmar ƙafafunsa biyu ta yi baƙi. Aikin yaron tsaf yake, ya ɗaure wayoyi ya naɗe su da kyau, abin ya ba ni tausayi. Waya ɗaya tak ta ja masa: kore mai baƙin zane da ya murɗe da nagatif ɗin kwantirola. Wasu rediyoyin suna da kariya, sukan kashe kansu su tsira, amma ba abin dogaro ba ne.

Maganin wannan wata 'yar na'ura ce da ke karɓar wayoyin sifika ta rage ƙarfinsu ta fitar da RCA, za ka ga an rubuta LOC a jikinta. Nemi mai ɗan tiransifoma a ciki, domin shi ne ke raba ɓangaren sifika da ɓangaren kwantirola gaba ɗaya. Haɗa ta da sifikun baya. A wayoyin rediyon da aka saya daban, kore na hagu ne a baya, shunayya na dama a baya, fari da toka na gaba, mai baƙin zane shi ne nagatif a kowane biyu. Wayoyin da mota ta zo da su ba sa bin wannan tsari, kowane kamfani da launinsa, don haka mafi aminci ka bi wayar har bayan sifikar kanta ka ɗeba daga nan. Feƙe rigar wayar kaɗan ba tare da ka yanke ta ba, naɗa taka a kai, sa dalma, rufe.

Akwai masu ɗaure igiyar fitila kai tsaye a bakin wufa, tunda tana ƙyaftawa da kiɗa. Tana yi, na ɗan lokaci. Amfilifaya mai wat 100 a kan sifika mai om 4 tana fitar da volt 20, mai wat 300 kuwa kusan volt 35, kuma wuta ce mai kai da komowa. Igiyar da aka yi don volt 12 ba za ta daɗe a wurin ba.

Jan wayoyi da manna fitilu

Wayar wuta ta bi gefe ɗaya na mota, wayar sauti ta bi ɗaya gefen. In dole su haɗu, su gitta juna su wuce, kada su jera. Ɗaga robar dokin ƙofa ka bi ta ƙarƙashinta. In za ka ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, bi ta ramin da ke da roba a bakinsa. Ƙarfe tsirara yana cin rigar waya sannu a hankali da girgiza.

Igiyar ana yanke ta ne a kan alamar tagulla kawai, bayan kowace ƙwaya uku. Kankare robar da ke kan tagullar, ɗiga dalma, ɗiga wa bakin waya ita ma, sannan ka haɗa su cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. In ƙarfen ya daɗe a kai tagullar za ta ɓalle. Kowane yanki ya samu tasa wayar daga kwantirola maimakon ka jera su ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba na ƙarshen zai fi dusashewa. Wajen soka bakin igiya a kwantirola, kibiyar da ke jikin soket ta yi daidai da alamar +12V.

Goge wurin da za ka manna da sifirit, bari ya bushe, ɓare takardar gam ɗin, danna na rabin minti. Gam shi kaɗai ba ya jure zafin motar da ta wuni a rana, don haka ƙara igiyar ɗaure waya a kowane ƙarshe. Wannan ya fi muhimmanci a gefen direba: igiyar da ta saki ta faɗo tsakanin birki da totur ba ƙaramin haɗari ba ce. Fitilar ta kalli ƙasa, ta ɓuya a bayan leɓen roba, yadda wanda ke zaune zai ga hasken a kan kafet amma ba zai ga ƙwayar ba. Na ƙarƙashin kujera kuma, bar wa wayar rara, ka tura kujerar gaba ƙarshe, ka ja ta baya ƙarshe, kana kallon ko layin ƙarfen zai cije ta.

Ga mai son haske ya riƙa gudu a kan igiya maimakon ta ƙyafta gaba ɗaya, akwai igiyoyin da kowace ƙwaya ke karɓar nata umarni. WS2812B volt 5 take ci, dole a sa mata na'urar rage wuta, a kuma sa rezisto mai om 330 a kan wayar saƙonta. WS2815 tana aiki da 12. Masu son haɗa nasu da kansu sukan yi amfani da allon ESP32 da manhajar WLED. Duk abin da na faɗa kan fiyus da wayar sifika bai canza ba.

Gwaji

Mayar da kan batir. Makulli a zare, fitilu su kasance a mace. Murɗa zuwa ACC, danna makunni, su kama. Yanzu tayar da inji, rage kiɗa har ƙasa, ka kasa kunne. In ka ji wani siririn fito a sifika da ke tashi idan ka taka totur, ƙarar altaneta ce ta samu hanya ta wayar sautin da ka ƙara. In kuwa zizar tana canzawa idan ka ƙara ko ka rage haske, daga kwantirola take, domin yana rage haske ne ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri ƙwarai. Zare wayar sautin daga kwantirola. In ƙarar ta tafi, ka gano ƙofarta. Fara da mayar da nagatif ɗin kwantirola wurin da na rediyo ko na amfilifaya yake. In ba ta daina ba, sa matacin ƙara na RCA mai tiransifoma a reshen da ya tafi kwantirola, ba a na amfilifaya ba, don kada ya taɓa ingancin kiɗan.

Inji yana aiki, wutar mota tana kaiwa volt 14 da ɗoriya. Igiyar za ta fi haske, ta kuma fi ɗumi. Bayan minti goma taɓa ta da bayan yatsa. In da zafi sosai, rage hasken daga kwantirola, ko ka sa na'urar da ke tsayar da wuta a 12.

Saita saurin jin sauti a kan ƙarar da ka saba jin kiɗa da ita, da waƙa mai dukan ganga a fili. Abin da kake nema shi ne hasken ya faɗi tsakanin duka da duka. In bai faɗi ba, saurin jin ya yi yawa. Sake gwadawa da dare, kana zaune a kujerar direba, ka duba gilashin gaba da na gefe ko haske yana dawowa a kansu. In yana dawowa, rage shi ko ka gyara kwanciyar igiyar. A kan hanya ni haske tsayayye mai rauni nake bari, ƙyaftawar sai an tsaya. A ƙasashe da yawa ja da shuɗi masu walƙiya na motocin 'yan sanda da na asibiti ne, doka ta hana kowa nuna su a waje, don haka duba dokar inda kake. Kuma walƙiya mai sauri, tsakanin sau 3 zuwa 30 a daƙiƙa, tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu. In za ka ɗauki mutum, tambaya ba ta da wahala.

Saura awo ɗaya. Kashe komai, rufe ƙofofi. Sa mita a ma'aunin amfiya 10, ka shigar da ita tsakanin kan batir na nagatif da wayarsa, kada kuma ka tayar da inji tana haka. Ba motar kamar rabin awa na'urorinta su kwanta kafin ka karanta lambar. Motar da ke lafiya ba ta cika wuce miliamfiya 50 ba. Zaro fiyus ɗin fitilu ka sake kallon mitar: in lambar ta sauka, kwantirola yana ci a ɓoye, sai ka koma akwatin fiyus ka sake duba inda ka ɗebo wutar.